Neman Gurbin Horon Shekara Ɗaya a Asibiti Bayan Kammala Digirin Jinya

12 ga Mayu, 2025

Takardar shaidar kammala digiri ta zo hannuna, an kuma rantsar da mu a matsayin ma'aikatan jinya, saboda haka daga yau zan riƙa rubuta yadda neman gurbin horon sanin makamar aiki yake tafiya, domin ƙannenmu da ke aji huɗu da aji biyar su san abin da ke jiransu tun kafin su iso. Tsarin da ake bi a Najeriya shi ne, wanda ya yi digirin jinya na shekara biyar a jami'a, ya kuma ci jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, sai ya yi shekara guda cur a asibitin da hukumar ta amince da shi, yana aiki a ƙarƙashin kulawar manya, kafin ya tafi bautar ƙasa. Ana biyansa albashi a wannan shekarar bisa tsarin CONHESS na ma'aikatan lafiya, amma ba ma'aikaci ne na dindindin ba, da shekara ta cika zai karɓi takardarsa ya ba na baya wuri.

A Amurka abin ya ɗan bambanta. Can sabuwar nas takan ci jarrabawar NCLEX ta sami lasisi, sannan asibiti ya ɗauke ta aiki ya saka ta a cikin shirin horo na watanni shida zuwa shekara guda, ya haɗa ta da wata tsohuwar hannu da za ta riƙa tsaya mata. Tun a 2010 wani babban rahoto na cibiyar nazarin harkar lafiya ta ƙasarsu ya ba da shawarar a yawaita irin wannan shiri, kuma asibitocin da kansu ne suke son sa, domin sun lura cewa sabuwar nas da aka jefa cikin ɗakin majinyata ba tare da mai riƙe mata hannu ba takan ajiye aikin tun bai yi nisa ba. A wurinmu doka ce ta wajabta horon, amma guraben ba su kai yawan masu fitowa daga jami'o'i ba, shi ya sa mu ne muke bin asibitoci, ba su suke bin mu ba.

27 ga Mayu, 2025

Makon nan ya tafi ne wajen haɗa takardu. Abin da kusan kowane asibiti yake nema bai wuce takardar sakamakon sakandare ba, da ta digiri, da shaidar rajista da lasisi daga hukumarmu, da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ko rantsuwar shekaru daga kotu, da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, da lambar NIN, da hotunan fasfo, sai kuma wasiƙar neman aiki zuwa ga shugaban asibiti. Na yi wa kowace takarda kwafi masu yawa, na kuma sa an ɗauki hotonsu a kwamfuta a wani shago da ke Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, domin wasu asibitocin ta intanet kaɗai suke karɓa. Shawarar da zan ba duk mai zuwa ita ce ya jera takardunsa a tabarma ya duba sunansa da ranar haihuwarsa harafi bayan harafi. Wata abokiyar karatuna tana da Aisha a wata takarda, A'ishatu a wata, kuma sai da ta je kotu ta yi rantsuwa kafin a karɓi fayil ɗinta.

16 ga Yuni, 2025

Da aka gama hidimar Babbar Sallah na zauna na rubuta asibitocin da zan sa wa ido. A cikin gari akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda har yanzu mutane da yawa suke kira da tsohon sunansa na Medikal Santa, akwai Babban Asibitin Katsina, da Asibitin Ƙwararru na Janar Amadi Rimi, da Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa, sannan ga Cibiyar Kula da Masu Yoyon Fitsari ta Ƙasa a Babbar Ruga. A Daura akwai sabuwar Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Idan aka fita jiha kuwa akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ba kowane asibiti ne yake da izinin ɗaukar masu irin horonmu ba, don haka wajibi ne mutum ya tabbatar da wannan daga hukuma kafin ya ɓata shekararsa a inda ba za a karɓi takardarsa ba.

Abokaina da dama sun jera nasu zaɓin bisa inda albashi yake fita a kan kari, kuma ban ga laifinsu ba, domin yawancinmu iyaye sun sayar da abin hannunsu kafin mu kai ga wannan matsayi. Ni abin da na sa a gaba shi ne wanda zai tsaya a kaina ya koya mini. Na san abin da na iya da abin da ban iya ba. Zan iya zayyana matakan ba mai cikin da jijjiga ta kama maganin magnesium ba tare da na buɗe littafi ba, amma a lokacin da muke ɗalibai muna tsaye ne a bayan sista muna kallo, ita ce take yanke shawara, ita ce kuma take sa hannu. Kallon tuƙin tuwo daban, riƙe muciya daban. Ranar da za a bar ni ni kaɗai da ɗaki cike da majinyata da ƙarfe biyun dare tana nan tafe, kuma wannan shekarar ce kaɗai aka ware domin in shirya mata. Saboda haka na fara kiran waɗanda suka riga mu fita ina yi musu tambayoyi: shin ana zagayawa da su sassa daban-daban ko a wuri guda ake ajiye su, shin akwai wadda aka ɗora wa alhakin kula da su, kuma sai bayan wane lokaci ake barin mutum aikin dare shi kaɗai. Amsoshin sun sha bamban ƙwarai. Wata ta ce mini a inda ta yi, tun makon farko aka miƙa mata makullin akwatin magani aka tafi, ba don mugunta ba, sai don babu ma'aikata.

8 ga Yuli, 2025

Asibiti ɗaya na tarayya ya fitar da sanarwar ɗaukar masu horo, ya haɗa mu da masu harhaɗa magunguna, da masu gwaje-gwajen jini, da masu gashin ƙashi, da masu ɗaukar hoton cikin jiki. Na cike fom ta intanet, na biya kuɗinsa ta Remita, shafin da ake biyan kuɗin gwamnati, na adana rasit. Kwanan nan an yawaita turo saƙonni a WhatsApp cewa wai akwai gurbi na sayarwa, a tura kuɗi zuwa asusun wani mutum. Asibitin tarayya ba ya karɓar kuɗi ta asusun ɗaiɗaikun mutane, asusun bai-ɗaya na gwamnati ake biya, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mutum cewa ana neman damfararsa ne.

Na tuntuɓi Baba a kan batun fita daga jiha idan nan ba ta samu ba. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, “In dai Kano ce ko Zariya babu laifi, akwai gwaggonki a Kano, a Zariya ma ba za a rasa na gida ba. Amma ban yarda da tafiyar dare ba, kuma duk inda za ki sai yayanki ya raka ki ya ga masaukinki da idonsa.” Na ce, “To Baba, Allah ya ƙara girma.” Wannan izini ya faɗaɗa mini wuraren da zan nema.

22 ga Yuli, 2025

Na so in kai takarduna Daura a makon jiya, sai rasuwar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ta zo a ranar 13 ga wata, aka yi jana'izarsa a can ranar 15, garin ya cika ya batse, don haka na dakata sai da aka natsa. Yanzu na kai, an karɓa an buga hatimi a kwafin da na riƙe. Duk inda mutum ya kai wasiƙa da hannu, ya roƙa a buga masa hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinsa, domin ita ce kaɗai hujjarsa idan aka ce ba a ga fayil ba.

4 ga Agusta, 2025

Ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa ta shiga yajin aikin gargaɗi na kwana bakwai a ranar 30 ga Yuli, ta kuma janye shi ranar 2 ga Agusta bayan zama da gwamnatin tarayya. Mafi yawan abin da aka ji a rediyo shi ne batun alawus na aikin dare da na kayan sawa da ɗaukar ƙarin ma'aikata, amma a cikin buƙatun akwai wanda ya shafe mu kai tsaye, wato a mayar da rabon guraben horonmu wuri guda, kamar yadda hukumar likitoci take tura sababbin likitoci asibitoci ta shafinta na intanet. Ina goyon bayan wannan buƙata ɗari bisa ɗari. A yadda ake yanzu, kowane asibiti da lokacin sanarwarsa, da kuɗin fom ɗinsa, da jarrabawarsa, kuma ɗan talaka zai biya kuɗin mota daga Katsina zuwa Kano zuwa Zariya zuwa Sakkwato yana neman abu guda, alhali wanda yake da uwa a gindin murhu yana gida a kwance sunansa zai fito. Akwai waɗanda suka riga mu kammalawa da suke zaune fiye da shekara, ba su yi horo ba, ba su tafi bautar ƙasa ba, ba su da ikon neman aikin gwamnati, abin da suka koya kuma yana zubewa.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan zama yana faruwa ne a jihar da take matuƙar buƙatar hannu. A ƙarshen watan jiya ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Katsina sakamakon tamowa a watanni shida na farkon wannan shekara. A gefe guda kuma, shugaban hukumarmu na wancan lokaci ya bayyana a 2024 cewa ma'aikatan jinya fiye da 15,000 ne suka bar ƙasar a 2023 kaɗai. Manya suna fita, ƙanana suna zaune a gida suna jiran a buɗe musu ƙofa, waɗanda suka rage a ɗakunan majinyata kuwa aikin mutum uku suke yi, balle a yi maganar samun sukunin koyar da wani.

21 ga Agusta, 2025

Sunana ya fito cikin waɗanda za su zauna jarrabawar tantancewa. Na ware safiya domin lissafin magani da ƙarin ruwa, tun da a nan ne kuskure yake kashe mutum. Ƙa'idar ita ce a ninka yawan ruwan da adadin ɗigon da robar take bayarwa a kowane mililita, a raba da mintunan da aka ɗiba. Idan likita ya rubuta mililita 500 a cikin awa huɗu, robar kuma mai ɗigo 20 ce, to ɗigo 42 ke nan a minti guda. Robar yara mai ma'auni ɗigo 60 take bayarwa, wanda ya rikita su biyun zai iya cika wa jariri huhu da ruwa. Allurar artesunate ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani miligiram 2.4 ce a kowane kilo na nauyin majinyaci, amma yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi, a yi ta farko, a maimaita bayan awa 12, a sake a awa 24. Damina ce, kuma na tabbata wannan tambaya ba za ta rasa fitowa ba.

Da yamma kuma ina zuwa wurin wata maƙwabciyarmu, tsohuwar shugabar nas-nas da ta yi ritaya, tana yi mini tambayoyi kamar ina gaban kwamiti. Jiya ta ce, “'Yata, kin sa wa mutum jini, sai aka kira ki waya a ofis. Me za ki yi?” Na ce, “Hajiya, ba zan tafi ba, minti goma sha biyar na farko a gefen gadonsa zan yi su, ina duba zafin jikinsa da bugun jini da numfashi.” Ta ce, “To in ya ce miki bayansa yana ciwo, yana jin sanyi fa?” Na ce zan tsayar da jinin nan take, in bar jijiyar a buɗe da ruwan gishiri ta sabuwar roba, in kira likita, in ajiye ledar jinin domin a mayar da ita ɗakin gwaji. Ta gyaɗa kai, sannan ta kama hannuna ta ɗora yatsuna uku a kan wuyan hannunta ta ce in ƙirga mata minti guda cikakke ba tare da na ninka rabin minti ba, domin bugun da ba ya tafiya daidai yakan ɓoye wa mai gaggawa.

9 ga Satumba, 2025

An yi jarrabawa a kwamfuta, tambayoyi na zaɓi, kuma yawan mutanen da suka zo ya ninka guraben da ake hasashe sau da yawa. Na haɗu da waɗanda suka taso daga Ilori da Jos da Maiduguri. Tambayoyin ba su fita daga manhaja ba: matakan aikin jinya tun daga bincike har zuwa auna sakamako, lokuta biyar na wanke hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, kula da mai ciwon suga da sugansa ya faɗi, da zubar jini bayan haihuwa. Lissafin ƙarin ruwa ya fito. Ana jiran sakamako.

30 ga Satumba, 2025

Wannan ne zama mafi muhimmanci tun da na fara. An kira ni intabiyu, na shiga na tarar da kwamiti a jere, shugabar sashen jinya a tsakiya, da wakilin ofishin mulki yana duba takarduna na asali ɗaya bayan ɗaya yana kwatanta su da kwafi. Shugabar ta tambaye ni abin da zan duba kafin in maimaita wa mai jijjiga allurar magnesium bayan awa huɗu. Na ce, “Ranki ya daɗe, zan duba ko gwiwarta tana harbawa idan aka buga, zan ƙirga numfashinta kada ya gaza 16 a minti, zan kuma auna fitsarinta kada ya gaza mililita 100 a cikin awa huɗun. In ɗaya ya saɓa ba zan yi allurar ba, zan kira likita, kuma dole calcium gluconate, makarin magnesium, ya kasance kusa da hannuna.” Wani daga cikinsu ya kawo batun yaro mai tamowa da gudawa ta kama, yana so ya ji ko zan ce a ɗura masa ruwa da sauri. Na ce zuciyar irin wannan yaro ba ta da ƙarfin ɗaukar ruwa mai yawa ta jijiya, ta baki ake bi a hankali sai in ya fita hayyacinsa, kuma madarar masu tamowa ta F-75 ake farawa da ita kafin a kai ga F-100.

Sai shugabar ta ajiye biro ta ce, “Malama, mu bar littafi. Tsoho ne daga ƙauye ya kawo matarsa, an ce sai an yi mata tiyata an ciro jariri, ya ce shi bai yarda ba. Likita ya yi bayani da Turanci ya tafi. Ke kika rage.” Na ce da farko zan zauna ne, ba zan yi masa magana a tsaye ba, zan gaishe shi in kira shi Baba, in tambaye shi abin da yake tsoro, domin sau da yawa ba tiyatar ba ce take hana sa hannu, kuɗi ne ko kuma tsoron cewa ba za ta sake haihuwa ba. Zan faɗa masa gaskiyar halin da take ciki da Hausar da zai gane, in tabbatar ita ma matar an yi mata bayani an ji ta bakinta tun da jikinta ne, in sanar da likita da shugabar ɗaki, in kuma rubuta komai a fayil da lokacinsa. Ba ta ce na yi daidai ba, ba ta kuma ce na yi kuskure ba, rubutu kawai ta yi.

A ƙarshe suka ba ni damar yin tambaya, na tambaya ko akwai wadda ake ɗora wa alhakin kula da kowane mai horo, da kuma yadda ake zagayen sassa. Shugabar ta ce ana zagayawa ɓangaren jinyar manya, da tiyata, da yara, da mata da haihuwa, da agajin gaggawa, kuma akwai littafin da shugabar kowane ɗaki take sa wa hannu bayan ta ga mutum ya yi aikin da hannunsa a gabanta. Wannan amsa ta kwantar mini da hankali fiye da duk abin da na ji a ranar.

20 ga Oktoba, 2025

Shiru har yanzu. Ɗaya asibitin da na nema ya fitar da sunaye babu nawa. Domin kada hannu ya sandare, ina zuwa wata ƙaramar cibiyar lafiya ta unguwa ranar awon ciki da ranar rigakafi, da izinin mai kula da wurin, ina gwada hawan jini ina auna damtsen yara. Wanda awonsa ya gaza santimita 11.5 ana tura shi cibiyar masu tamowa, kuma babu ranar da ba a samun irinsu.

10 ga Nuwamba, 2025

Alhamdu lillahi, sunana ya fito a asibitin da na yi intabiyu, na kuma karɓi takardar ɗauka ta shekara guda. An ba mu mako biyu mu amsa a rubuce, mu kawo sakamakon gwajin lafiya, da hoton ƙirji, da shaidar rigakafin ciwon hanta, da lambar asusun banki domin albashi. Na rubuta wa sauran wuraren da fayil ɗina yake cewa na janye, domin kada sunana ya tare wa wani gurbi. Daga cikin 'yan ajinmu waɗanda suka samu ba su kai rabi ba, sauran suna jiran sanarwar asibitocin jiha, kuma na tura musu tambayoyin da na tuna daga jarrabawa da intabiyu. Za a yi mana mako guda na gabatarwa a farkon Disamba, sannan zagayena na farko zai kasance a ɗakin gaggawa na yara. Na karɓi littafin sa hannu, shafinsa na farko yana neman a ga na saka wa yaro kanula, wato robar allura ta jijiya, na saka robar abinci ta hanci, na kuma lissafa maganin jariri bisa nauyinsa a gaban shugabar ɗaki. Gobe zan kai ɗinkin fararen kaya, jibi kuma in je gwajin jini.